Minti 10 da sakan 20: Yadda ake shirya wa gwajin ƙarfin jiki na shiga aikin kashe gobara

Duk wanda ke neman aikin kashe gobara a birane da dama na Amurka da Kanada, sai ya tsallake wani gwaji da ba a yin sa da biro da takarda. Za a sanya masa riga mai nauyin kilo 22.7, a ɗaura masa hular kwano, a ba shi safar hannu, sannan a buƙaci ya kammala ayyuka takwas a jere cikin minti 10 da sakan 20. Wanda ya haura wannan lokaci ko da da sakan ɗaya ne, ya faɗi. Ba a bayar da maki, ba a kuma fitar da na ɗaya ko na biyu. Sakamakon biyu ne kawai: an ci, ko an faɗi. Ma'aunin kuma ɗaya ne ga namiji da mace, ga ɗan shekara 19 da ɗan shekara 35.

Ana kiran wannan gwaji CPAT a taƙaice, kuma yana daga cikin gwaje-gwajen ɗaukar 'yan kwana-kwana da aka fi sani a duniya. Ga mai nema, abin da ke gabansa babba ne, domin faɗuwa na iya nufin jiran wani zagayen ɗaukar ma'aikata, wanda a wasu biranen sai bayan shekaru yake zagayowa. Ga jama'ar gari kuwa, wannan gwaji ne ke tantance ko wanda zai shigo gidan da ke ci da wuta yana da ƙarfin fito da mutum daga ciki.

Abin da yake ba mutane mamaki shi ne, ƙarfin damtse kaɗai ba ya fitar da mutum a wannan fage. Akwai masu ɗaga ƙarfe da kan sare tun a mintuna ukun farko, akwai kuma 'yan tseren da hannuwansu kan gaza a ƙarshe. Abin da ake aunawa shi ne ko mutum zai iya ci gaba da aiki mai nauyi, cikin natsuwa da bin ƙa'ida, bayan gajiya ta riga ta kama shi. Wanda ya fahimci haka ya san inda zai dosa da shirinsa.

Asalin gwajin

A da, kowace hukumar kashe gobara a Amurka tana tsara nata gwajin yadda ta ga dama, kuma wasu daga cikin abubuwan da ake sa masu nema su yi ba su da wata alaƙa ta zahiri da aikin. Wannan ya jawo shari'o'i. Fitacciya a cikinsu ita ce ta birnin New York. A 1977 aka fara bai wa mata damar rubuta jarrabawar shiga hukumar kashe gobara ta birnin, amma duk matan da suka je sashen gwajin ƙarfi suka faɗi. Ɗaya daga cikinsu, Brenda Berkman, wadda a lokacin ɗalibar shari'a ce, ta shigar da ƙara. A 1982 wata kotun tarayya ta yanke hukuncin cewa gwajin bai yi daidai da ainihin abin da aikin ke buƙata ba. Aka sake tsara shi, kuma a wannan shekarar ita da mata kusan 40 suka shiga aikin.

Darasin da hukumomi suka ɗauka shi ne, duk abin da za a sa mai nema ya yi dole ya kasance kwaikwayon wani aiki da ake yi a wurin gobara. A ƙarshen shekarun 1990, ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan kashe gobara, IAFF, da ƙungiyar shugabannin hukumomin kashe gobara, IAFC, suka haɗa kai da hukumomi goma, ciki har da na New York da Phoenix da Seattle da gundumar Los Angeles da kuma Calgary ta Kanada. Aka nazarci ayyukan da ma'aikata suka fi yi da kayan da suka fi ɗauka, aka zaɓi takwas, aka jera su bisa yadda sukan zo a wurin gobara. Wannan ne ya haifar da CPAT a 1999.

Me ya sa ake tsanantawa?

Ma'aikacin kashe gobara ba ya shiga wuta haka kawai. Yana sanye da riga da wando masu kauri da ke kare shi daga zafi, da takalmi mai nauyi, da hular kwano, ga tukunyar iska a bayansa. Waɗannan kaɗai sun haura kilo 20, kafin a ƙara tiyo ko gatari ko injin zarto. Rigar da ke hana zafin wuta shiga ita ce kuma ke hana zafin jiki fita, saboda haka gumi kan yi ta zuba ba tare da ya sanyaya jiki ba, zuciya kuma ta riƙa bugawa kusa da iyakar ƙarfinta.

Ga kuma batun iska. Tukunyar da aka rubuta wa minti 30 an yi lissafinta ne a kan mutumin da ke shaƙar lita 40 a kowane minti. Wanda ke hawan bene da kaya yana shaƙar fiye da haka nesa ba kusa ba, don haka iskar takan ƙare tun kafin lokacin da aka rubuta, wani lokaci cikin rabinsa. Mai juriya yakan yi aiki iri ɗaya da iska kaɗan. Marar juriya yakan shanye tukunyarsa da wuri, ya tilasta wa abokan aikinsa fita tare da shi, tunda a ƙa'idar aikin ba a barin mutum ɗaya a cikin gini.

Mafi muhimmanci shi ne zuciya. Wani bincike da masana daga Jami'ar Harvard suka wallafa a 2007 a mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ya nuna cewa ciwon zuciya ne ke haddasa kimanin kashi 45 cikin 100 na mace-macen 'yan kwana-kwana a bakin aiki a Amurka. Binciken ya kuma gano cewa, duk da yaƙi da wuta kai tsaye bai wuce kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na lokacin aikinsu ba, a lokacinsa ne kusan kashi ɗaya bisa uku na mace-macen da toshewar jijiyoyin zuciya ke jawowa suke faruwa. Ma'ana, tsananin gwajin kariya ce ga mai neman aikin kansa, kafin ma a zo ga waɗanda zai ceta.

Matakai takwas

Mataki na farko shi ne hawan bene. Ana yin sa ne a kan wani inji mai matakala da ke juyawa ba tsayawa. Kafin a hau, ana ƙara wa mutum kilo 11.3 a kafaɗu, a madadin naɗaɗɗen tiyo da ake hawa da shi dogayen gine-gine, jimillar nauyin ya kai kilo 34. Ana fara wa da sakan 20 na ɗumama jiki a kan taku 50 a minti, sannan a shiga minti uku cur a kan taku 60 a minti. Taku 180 ke nan, kwatankwacin hawa bene mai hawa goma ko fiye. An yarda mutum ya ɗan taɓa ƙarfen gefe don daidaita tsayuwa, amma kama shi ko jingina da shi laifi ne. Gargaɗi biyu ake yi, na uku kuma faɗuwa ce. Wanda ya sauko daga injin kafin lokaci ya cika, shi ma ya faɗi.

Daga nan sai a cire ƙarin nauyin kafaɗa, rigar kuma ta ci gaba da zama a jiki har ƙarshe. Tsakanin kowane mataki da na gaba akwai tafiyar mita 26 a kan layin da aka shata. An hana gudu a nan. Wannan tafiya ta kimanin sakan 20 ita kaɗai ce hutun da ake samu.

Mataki na biyu shi ne jan tiyo. Mutum zai ɗauki bakin tiyo mai tsawon mita 61, ya rataya a kafaɗa, ya ja shi mita 23 zuwa wata ganga, ya karya kwana, ya ƙara kusan mita 8. Daga nan ya shiga wani ɗan fili da aka zana, ya durƙusa da aƙalla gwiwa ɗaya, ya riƙa jawo tiyon hannu bayan hannu har sai alamar da aka yi a mita 15 ta ƙetare layi. A wannan mataki kaɗai aka yarda a yi gudu.

Na uku, ɗaukar kayan aiki. Akwai injinan zarto biyu a cikin wani akwati. Za a sauke su ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki ɗaya a kowane hannu, a yi tafiyar mita 23, a zagaya ganga, a dawo, a mayar da su mazauninsu. Idan ɗaya ya suɓuce ya faɗi ƙasa, gwaji ya ƙare.

Na huɗu, ɗaga tsani. Mai gwaji zai ɗaga tsani mai tsawon mita 7.3 daga kwance, yana kama ƙarafansa ɗaya bayan ɗaya yana tafiya har ya jingina shi da bango. Sannan ya koma ga wani tsanin da aka kafe, ya ja igiya ya miƙar da sashensa na sama har ƙarshe, ya sauke shi a hankali. Sakin igiya ta zame a hannu faɗuwa ce.

Na biyar, fasa ƙofa. Ana bugun wata na'ura da guduma mai nauyin kilo 4.5 har sai ƙararrawa ta yi ƙara. Na'urar tana tara ƙarfin bugun da ya sauka a inda aka shata, don haka bugun da ya kauce asarar ƙarfi ne da lokaci. Wanda gudumar ta kuɓuce daga hannuwansa yayin bugu ya faɗi.

Na shida, bincike cikin duhu. Mutum zai yi rarrafe ta cikin wani rami mai duhu, tsawonsa kusan mita 20, tsayinsa bai kai mita ɗaya ba, yana da kwana biyu, da shingaye da za a bi ta sama ko ta ƙasa ko ta gefensu, da kuma wuraren da ramin ke tsukewa. Wanda tsoro ya kama har ya nemi a buɗe masa ƙofar gaggawa, ya faɗi.

Na bakwai, ceto. Akwai mutum-mutumi mai nauyin kilo 75, wato nauyin buhun siminti ɗaya da rabi. Za a kama shi ta maɗaurin kafaɗunsa, a ja shi kusan mita 11, a zagaya ganga, a dawo da shi har ya ƙetare layi gaba ɗaya. An yarda a saki a gyara riƙo, amma ba a yarda a dafa gangar don hutawa ba.

Na takwas, fasa silin. Da sanda mai ƙugiya a kai, mutum zai tura wata ƙofa mai nauyin kilo 27 da ke sama da kansa sau uku, sannan ya maƙala ƙugiyar a wata na'ura mai nauyin kilo 36 ya jawo ƙasa sau biyar. Zai maimaita wannan zagaye sau huɗu. Haka ma'aikata ke fasa rufin ɗaki don duba ko wuta ta ɓuya a samansa. Agogo yana tsayawa ne da jan ƙarshe.

Inda aka fi tuntuɓe

Masu horar da masu neman aikin sun daɗe da lura cewa hawan bene ne ke yanke hukuncin sauran matakai. Wasu a nan suke tsayawa. Wasu kuma sukan gama shi, amma su sauko ƙafafu na rawa, numfashi na sarƙewa, alhali akwai ayyuka bakwai da suka rage, da ɗan abin da ya haura minti bakwai na yin su. Wanda ya ƙarar da duk abin da yake da shi a kan matakala, a wurin jan mutum-mutumi zai biya bashin, domin nan ma cinyoyi da ƙugu ne ke aiki.

Abu na biyu shi ne riƙo. Jan tiyo, ɗaukar zarto, jan igiyar tsani, bugun guduma, jan mutum-mutumi da riƙe sandar silin, duka da yatsu da tsintsiyar hannu ake yin su, cikin safar hannu mai kauri da ke rage jin abin da aka kama. Gajiyar hannu takan taru a hankali, sai a mataki na bakwai ko na takwas mutum ya tarar yatsunsa sun ƙi rufuwa.

Na uku shi ne ƙa'ida. Mutum mai ƙarfi yana iya faɗuwa saboda ya tsallake ƙarfen tsani, ko ya fita daga filin da aka zana, ko ya yi gudu inda aka hana. Gajiya tana rage hankali, kuma an tsara gwajin ne da sanin haka.

Yadda ake shiri

Matakin farko na shiri shi ne ganin likita, musamman ga mai hawan jini, ko asma, ko ciwon sukari, ko wanda aka taɓa samun mutuwar fuju'a saboda zuciya a danginsa. Ciwon ƙirji, jiri ko suma yayin motsa jiki alamu ne da ba a wasa da su.

Bayan haka sai lokaci. Tsarin CPAT ya tanadi cewa a bai wa masu nema damar halartar zaman sanin kayan gwaji aƙalla sau biyu cikin makonni takwas kafin ranar, da kuma gwajin share fage sau biyu, da agogo, cikin kwanaki 30 na ƙarshe. Wanda ya yi watsi da wannan dama ya cuci kansa, domin babu wani atisaye da zai koya wa mutum yadda injin matakala ke tafiya ƙarƙashin ƙafarsa kamar hawansa. Sai dai makonni takwas sun fi dacewa da wanda dama yana motsa jiki. Wanda zai faro daga zaman gida ya fi kyau ya ware wata uku zuwa huɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dukkan shirin yana kan ginshiƙai biyu. Na farko, jiki yana sabawa ne da irin aikin da aka saba ba shi, don haka wanda zai hau matakala da kaya dole ya yi atisayen hawan matakala da kaya. Gudu a fili yana taimaka wa zuciya, amma ba ya maye gurbin hawa. Na biyu, ana ƙara nauyi ne kaɗan-kaɗan. Zuciya da huhu sukan saba cikin makonni, amma jijiyoyi da gaɓoɓi sun fi jinkiri, kuma su ne ke fara ciwo idan aka yi gaggawa.

A makonni huɗu na farko, abin da ake nema shi ne tushe: tafiya da sauri ko sassarfa ta minti 30 zuwa 45, sau uku ko huɗu a mako, a kan saurin da mutum zai iya magana yana yi. Ana haɗawa da hawan matakala ba tare da kaya ba, da atisayen ƙarfi sau biyu a mako. Daga mako na biyar sai a shigo da nauyi, a fara da kilo 5 zuwa 8 a jakar goyo da aka ɗaure sosai, ana ƙara kilo biyu ko uku duk mako idan gwiwa da baya ba su yi ƙorafi ba. Saurin da ake so shi ne taku ɗaya a kowane sakan, hannu kuma ba a kan ƙarfe ba. Burin shi ne, kafin ranar gwaji, mutum ya iya yin minti huɗu ko biyar da cikakken nauyin, ta yadda minti ukun gwaji ba za su ƙarar da shi ba. Wanda ke amfani da matakalar gini ya kula da saukowa, domin saukowa da kaya ta fi hawa wahalar da gwiwa.

A wannan zangon ne kuma ake shigo da atisayen tsanani da sassauci: minti ɗaya ko biyu na aiki mai ƙarfi, sannan hutu gajere, a maimaita sau biyar zuwa takwas. Irin wannan yana koya wa jiki farfaɗowa cikin ɗan lokaci, wanda shi ne ainihin abin da tafiyar sakan 20 ke buƙata. Sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar.

Atisayen ƙarfi ba sai da kayan zamani ba. Tsuguno da miƙewa da kaya a ƙirji, hawa da sauka a kan dakali, da ɗaga kaya daga ƙasa da miƙaƙƙen baya, suna gina cinya da ƙugu. Jarka mai lita 25 cike da ruwa kilo 25 ce, kuma tafiya da rabin jarka a kowane hannu tana gina riƙo da kafaɗa. Tsohuwar tayar mota da aka ɗaura wa igiya tana kwaikwayon tiyo idan aka ja ta ana tafiya, ko aka jawo ta daga durƙushe. Buhun yashi da ake ja da baya yana maye gurbin mutum-mutumi: a sunkuyar da ƙugu, a miƙe hannuwa, a bar ƙafafu su yi aikin da gajerun taku masu sauri. Bugun taya da guduma yana koyar da yadda ake fito da ƙarfi daga ƙugu maimakon hannu. Rataya a jikin ƙarfe da ɗaga kaya sama da kai suna shirya mutum wa tsani da silin. Duk waɗannan ya kamata a riƙa yin su da safar hannu. Ana kuma bai wa tsokar da ta yi aiki mai nauyi kimanin kwana biyu kafin a sake matsa mata, saboda a lokacin hutu ne take ginuwa.

A makonni uku ko huɗu na ƙarshe sai a haɗa komai a jere, sau ɗaya a mako: a fara da matakala, a bi da sauran ayyukan bisa tsarinsu, da agogo a hannun wani. A nan mutum ke gano inda rauninsa yake. Mai tsoron matsatsin wuri kuma ya fara saba wa kansa da rarrafe da rufaffen ido, yana bin bango da hannu ɗaya, yana ƙirga numfashinsa.

Haɗarin wuce gona da iri

Akwai masu ganin cewa yawan azabtar da jiki shi ne shiri. Wannan tunani ya kai matasa da dama gadon asibiti. Idan aka tilasta wa tsoka aikin da ya fi ƙarfinta, musamman cikin zafi da ƙishirwa, takan rugurguje ta zubar da sinadaranta cikin jini, su kuma su iya lalata ƙoda. Alamomin su ne ciwon tsoka da ya wuce na gajiyar yau da kullum, kumburi, rashin ƙarfi, da fitsari mai duhu kamar ruwan shayi. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta gargaɗi 'yan kwana-kwana game da wannan matsala. Wanda ya ga irin waɗannan alamu asibiti ya kamata ya nufa a ranar.

Zafi ma yana buƙatar sabo. Jiki yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya daidaita da aiki cikin zafi, don haka ana farawa ne da sanyin safiya ko yamma, ana shan ruwa kafin atisaye da lokacinsa da bayansa. Ruɗewa, tangaɗi ko amai cikin zafi alamu ne na a tsaya nan take a sanyaya jiki. Ƙwayoyin ƙara kuzari da na rage zafin ciwo da wasu ke sha don su jure suna ɓoye gargaɗin da jiki ke bayarwa, wasunsu kuma suna ƙara wa zuciya da ƙoda nauyi. Taba sigari kuwa tana rage wa huhu abin da ake ƙoƙarin gina masa.

Makon ƙarshe da ranar gwaji

Babu wani ƙarfi da za a ƙara a kwanaki bakwai na ƙarshe, amma ana iya yin asara idan aka matsa. Abin da ya dace shi ne a rage yawan atisaye sosai, a bar jiki ya huce, a samu barci isasshe. A ranar, a ci abinci mai sauƙi da aka saba da shi awa biyu ko uku kafin lokaci. Ba ranar gwada sabon takalmi ko sabon abin sha ba ce. Ana zuwa da dogon wando da rufaffen takalmi, a ajiye agogo da kayan ado.

Idan an fara, dabara ita ce a rarraba ƙarfi. A kan matakala, a tsaya a miƙe, a taka da dukan tafin ƙafa, a daidaita numfashi da taku. A tafiyar tsakanin matakai, a yi dogon numfashi, a sassauta yatsu, a tuna ƙa'idar aikin da ke gaba. Tunda babu ladan gamawa da wuri, wanda ya gama a minti 10 da wanda ya gama a minti 8 matsayinsu ɗaya.

Birtaniya da Najeriya

Ba ko'ina ake amfani da CPAT ba, amma tunanin da ke bayansa ya yaɗu. A Birtaniya, hukumomin kashe gobara da dama suna gwada hawan tsani, ɗaga tsani, jan mutum-mutumi mai kilo 55, bi ta matsatsin wuri da abin rufe fuska, haɗa wata na'ura da hannu, da ɗaukar kaya. Suna kuma auna juriya, ko dai ta gudun kai-komo tsakanin layuka biyu masu tazarar mita 20 har zuwa mataki na 8.8, ko ta tafiyar minti 12 a kan injin tafiya da ake ƙara wa tudu a hankali.

A Najeriya, Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma hukumar CDCFIB ce ke kula da ɗaukar ma'aikatanta, yayin da jihohi ke da nasu hukumomin. Sanarwar ɗaukar aiki takan gindaya sharuɗɗan tsayi da faɗin ƙirji da shaidar lafiya daga asibitin gwamnati, sannan a yi tantancewa ido da ido. Tsarin ya bambanta da na Amurka, don haka mai nema ya karanta sanarwar hukumar da yake nema da kyau. Aikin da ke jiransa dai iri ɗaya ne. Gobarar da ta cinye Kasuwar Sabon Gari a Kano a 2016, da wadda ta tashi a Babbar Kasuwar Sakkwato a 2021, sun buƙaci mutanen da za su ja tiyo ta cikin lunguna, su fasa ƙofofin shaguna, su kuma yi awanni a tsaye cikin hayaƙi da zafi.

Saboda haka ne masu tsara waɗannan gwaje-gwaje ke ɗaukar su a matsayin mafi ƙarancin abin da ake buƙata. Wanda ya ci zai wuce makarantar horo, inda za a sa shi yin waɗannan ayyuka cikin cikakkun kaya, da tukunyar iska a baya, sau da yawa a rana guda. Bayan nan kuma akwai shekaru 20 ko 30 na aiki, waɗanda a cikinsu jiki ke tsufa amma nauyin tsani da tiyo ba ya raguwa. Atisayen da mutum ya fara don cin gwajin minti goma, shi ne zai ci gaba da yi muddin yana sanye da kakin.